Sunan da babu shi a Babi na Huɗu

In muka buɗe Kundin Tsarin Mulkin 1999 a waya muka nemi inda aka ambaci mai kare haƙƙin ɗan Adam, ba za mu samu ba. Babi na Huɗu ya jera haƙƙoƙin, sashe na 46 kuma ya ba wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa Babbar Kotu. Wanda ke tsaya wa wani fa? Kundin ya yi shiru.

Shirun nan ya daɗe yana cin mutane. A 1981, a shari'ar Sanata Abraham Adesanya da Shugaba Shagari, Kotun Ƙoli ta tsaurara sharaɗin shigar da ƙara: sai ka nuna abin ya taɓa ka kai da kanka. Lauyoyin gwamnati suka samu sanda. Da ka shigo don talakan da aka tsare, sai a ce ina ruwanka?

Zamanin soja kuwa ko wannan tambayar ba a buƙata. A 1995 kotun soja ta Patrick Aziza ta yanke wa ɗan garinmu Shehu Sani ɗaurin rai da rai kan zargin juyin mulki, aka mayar da shi shekara 15, ya fito a 1998 bayan rasuwar Abacha. A shekarar 1995 ɗin nan dai Abacha ya kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, abin da har yau ke ba mu dariya mai ɗaci. Shekara ashirin bayan ɗaurin, Kaduna ta Tsakiya, har da mu na Rafin Guza, ta tura shi Majalisar Dattawa.

Gyaran bai zo daga majalisa ba. Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ne ya fitar da sababbin ƙa'idojin shari'ar haƙƙi a 2009, suka ce kada a kori ƙara don mai ita ba shi aka zalunta ba, suka kuma ambaci 'yan gwagwarmaya da ƙungiyoyi da sunansu. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: faci ne aka liƙa a gefe, tushen bai canja ba, kuma wani Alƙalin Alƙalan na iya sauya shi.

Shiga kotu kuma daban, bin umarninta daban. A Disambar 2016 Femi Falana ya samo hukuncin Babbar Kotun Tarayya a Abuja cewa a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45. Ba su fito ba sai Yulin 2021, da Babbar Kotun Kaduna ta sallame su.