Halwan, Garin da Aka Gina Don Ruwan Farar Wuta

'Yan uwa mata, da yawa cikinmu mun raka wani namu Masar neman magani, ko mun tara wa wata kuɗin tafiya. Amma kaɗan ne suka san cewa kudu da Alƙahira, tafiyar kamar kilomita 25 a gabashin Kogin Nilu, akwai wani gari da aka gina takanas don masu jinya. Sunansa Halwan.

Tun farkon Musulunci aka san wurin da lafiya. Wajen shekarar 690, annoba ta ɓarke a Fusɗaɗ, sai gwamnan Masar, Abdul'aziz ɗan Marwan, mahaifin Halifa Umaru ɗan Abdul'aziz, ya kwashe ya koma Halwan. Ya gina gidaje da masallatai, ya dasa dabino, can kuma ya rasu. Bayansa garin ya dusashe, ya yi ɗaruruwan shekaru ba a jin ɗuriyarsa.

Abin da ya farfaɗo da shi idon ruwa ne mai ɗumi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Farar wuta ce a cikinsa. To, mu ai ba baƙuwarmu ba ce; ita ce dai iyayenmu ke niƙawa su kwaɓa da man kaɗanya su shafa wa yaro mai ƙazuwa. Can kuwa Allah Ya narkar da ita cikin ruwa, sai dai mutum ya shiga ya jiƙa. An ce a zamanin Sarki Abbas na Ɗaya sojoji masu ciwon fata ne aka fara turawa, suka yi wanka suka samu sauƙi.

Sarki Isma'il ne ya mai da abin sana'a. A shekarun 1870 aka damƙa wa wani likita Bajamushe, Dakta Reil, kula da wurin wankan, aka yanka tituna a miƙe, aka gina masaukai. A 1877 jirgin ƙasa ya iso daga Alƙahira. Ɗansa Taufiƙ ya so garin har ya yi fada a can, a nan ma ya cika a 1892. Sabon gidan wanka mai ado irin na Larabawa, Sarki Abbas Hilmi ya buɗe shi a 1899.

Masu sanyin ƙashi da ciwon gaɓɓai da ciwon fata su ne suka fi zuwa. Turawa kan gudo wa hunturun ƙasarsu su yi watanni. Ba ruwan kaɗai suke biya ba, har da iskar: busasshiya, mai tsabta, wadda likitoci ke yaba wa masu ciwon ƙirji. Sararin sama ma garau yake, shi ya sa aka kafa gidan duban taurari a 1903. Sai dai kada mu ruɗi kanmu, wurin na pasha-pasha ne da masu hannu da shuni. Talaka yana ciki, amma yawanci shi ke ɗebo ruwa da wanke tawul.

Bayan juyin mulkin 1952, gwamnati ta ga Masar na bukatar ƙarfe fiye da wurin shaƙatawar manya. Aka kafa kamfanin ƙarfe a 1954, ya fara aiki a 1958, ga masana'antun siminti a kewaye. Magidanta dubbai suka samu albashi, yara suka shiga makaranta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, mu da muka san zafin cefane ba za mu raina ba. Amma hayaƙi da ƙurar siminti suka rufe garin. Inda ake kawo mai tari ya warke, nan uwaye suka koma kai 'ya'yansu asibiti saboda tari. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masaukai suka lalace.

A 2021 aka yanke shawarar rufe kamfanin ƙarfen shi ma, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Yau mai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, layi na ɗaya, idan ya nufi kudu, kafin tasha ta ƙarshe zai ji an ambaci Ain Halwan, wato idon ruwan Halwan.