Harry Potter a makarantar matsafa: tarihin fim ɗin da ya mayar da littafin yara babbar kasuwa

«Harry Potter and the Philosopher's Stone» fim ne na almara da kamfanin Warner Bros ya fitar a shekarar 2001, wanda aka ɗauko daga littafin farko cikin jerin littattafai bakwai na marubuciyar Birtaniya J.K. Rowling. A Nijar da Kamaru da Chadi da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci an fi saninsa da sunan «Harry Potter à l'école des sorciers», wato Harry Potter a makarantar matsafa. Shi ne fim ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi a duniya a waccan shekarar, kuma shi ya buɗe ƙofa ga wasu fina-finai bakwai da suka biyo baya har zuwa 2011.

Asalin littafin

Rowling ta ce tunanin labarin ya zo mata ne a 1990 tana cikin jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Landan. Da ta kammala rubutun, kamfanonin ɗab'i goma sha biyu suka ƙi karɓa, sai wani ƙaramin kamfani mai suna Bloomsbury ya amince. Littafin ya fito ranar 26 ga watan Yunin 1997, kuma bugun farko mai taurin bango kwafi 500 ne kacal. Sunanta na yanka Joanne, amma kamfanin ya nemi a sa haruffan farko kawai a bangon littafin, saboda fargabar yara maza ba za su so karanta labarin da mace ta rubuta ba.

A 1998 kamfanin Scholastic ya buga shi a Amurka, ya canza sunan zuwa «Sorcerer's Stone», don yana ganin kalmar falsafa za ta kori yara. A shekarar ce kuma kamfanin Gallimard ya fitar da fassarar Faransanci ta Jean-François Ménard. Wannan mai fassara bai tsaya kan kalmomi kawai ba, ya sake ƙirƙirar sunaye da dama: makarantar Hogwarts ta koma Poudlard, malam Snape ya koma Rogue, mutanen da ba su da baiwar sihiri kuma aka kira su Moldus. Shi ya sa yaron da ya kalli fim ɗin a Zinder da ɗan uwansa da ya kalla a Katsina za su iya yin musu kan sunan makarantar, alhali kowannensu yana da gaskiya.

Abin da labarin ya ƙunsa

Harry maraya ne da ya tashi a gidan yayar mahaifiyarsa da mijinta, inda ake wulaƙanta shi, har ɗakin kwanansa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene. Ranar da ya cika shekara 11 wani ƙaton mutum mai suna Hagrid ya zo masa da wasiƙar gayyata zuwa makarantar kwana ta koyon sihiri. A nan ya ji cewa iyayensa ba a haɗarin mota suka mutu ba kamar yadda aka gaya masa. Wani mugun matsafi ne mai suna Voldemort ya kashe su, ya kuma yi yunƙurin kashe shi yana jariri amma abin ya koma kansa, ya bar wa yaron tabo mai kama da walƙiya a goshi.

A makarantar ya yi abota da Ron Weasley, ɗan gidan talakawa masu yawan 'ya'ya, da Hermione Granger, yarinya mai ƙwazon karatu wadda iyayenta ba su san komai game da sihiri ba. Su ukun suka gano an ɓoye wani dutse a makarantar, wanda ke mayar da ƙarfe zinariya, kuma ake samun ruwan da ke hana mutuwa daga gare shi. Voldemort, wanda ya rasa gangar jikinsa, yana neman dutsen don ya dawo da ƙarfinsa. Kafin yaran su kai ga wurin sai da suka wuce kare mai kai uku, da wata shuka mai shaƙe mutum, da wani wasan dara da ake yi da manyan gumaka masu motsi. A ƙarshe Harry ya samu dutsen ne saboda yana son ya kare shi, ba ya amfana da shi ba, kuma abin da ya tsare shi daga maƙiyinsa shi ne sadaukar da rai da mahaifiyarsa ta yi dominsa.

Dutsen ba ƙirƙirar Rowling ba ne. Masu ilimin alkimiyya a ƙasashen Larabawa da Turai sun shafe ƙarnoni suna nemansa. Nicolas Flamel, wanda labarin ya ce shi ya haɗa dutsen, mutum ne da ya rayu da gaske a Paris, magatakarda ne da ya rasu a 1418, kuma gidan da ya gina a 1407 yana nan tsaye a birnin. Bayan mutuwarsa ne aka riƙa jingina masa wannan almara.

Yadda aka shirya fim ɗin

Furodusa David Heyman ne ya ja hankalin Warner Bros ga littafin, kamfanin kuma ya sayi haƙƙin littattafai huɗun farko a 1999. An tattauna da Steven Spielberg kan ya ba da umarni amma ya janye, sai aka ba wa Chris Columbus, wanda ya yi suna da fim ɗin «Home Alone» na 1990 kuma aka san shi da iya aiki da yara. Steve Kloves ya rubuta tsarin fim ɗin, John Williams ya tsara kiɗan, Stuart Craig kuma ya zana fasalin makarantar da sauran wurare.

Rowling ta kafa sharaɗin cewa 'yan wasan su kasance 'yan Birtaniya ko Ireland. Bayan an gwada dubban yara, aka zaɓi Daniel Radcliffe a matsayin Harry, Rupert Grint a matsayin Ron, da Emma Watson, wadda aka haifa a Paris, a matsayin Hermione. Dukkansu ba su wuce shekara 10 zuwa 12 ba a lokacin. Aka kewaye su da tsofaffin hannu: Richard Harris a matsayin shugaban makaranta Dumbledore, Maggie Smith, Alan Rickman da Robbie Coltrane. Waɗannan huɗun duk sun riga mu gidan gaskiya, Harris a 2002, Rickman a 2016, Coltrane a 2022, Smith kuma a 2024.

An fara ɗaukar fim ɗin a watan Satumbar 2000, aka kammala a watan Maris na 2001. Cibiyar aikin ita ce Leavesden, wata tsohuwar masana'antar jiragen sama kusa da Landan da aka mayar wurin ɗaukar fim. Makarantar da ake gani a allo kuwa haɗin gambiza ce ta gine-gine da yawa: fadar Alnwick, manyan majami'un Gloucester da Durham, da wasu sassan Jami'ar Oxford. An kuma yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta King's Cross da gidan namun dajin Landan. Saboda bambancin suna tsakanin Birtaniya da Amurka, duk wurin da aka ambaci dutsen sai da aka ɗauka ko aka naɗi muryar sau biyu. An kashe kimanin dala miliyan 125, kuma tsawon fim ɗin minti 152 ne.

Kasuwa da karɓuwa

An fara nuna shi a Landan ranar 4 ga Nuwamban 2001, ya shiga gidajen silima na Birtaniya da Amurka ranar 16 ga watan, Faransa kuma ranar 5 ga Disamba. A kwana ukun farko ya tara fiye da dala miliyan 90 a Amurka, abin da babu fim ɗin da ya taɓa yi kafin lokacin. Gaba ɗaya ya kawo kusan dala miliyan 974, ya zama na biyu a tarihi a wancan lokacin bayan «Titanic». Da aka sake nuna shi a 2020 ya haura dala biliyan 1. An sa shi takarar kyautar Oscar a fannoni uku, wato tsara wurare, tufafi da kiɗa, sai dai bai ci ko ɗaya ba.

Masu sharhi da yawa sun yaba da yadda ya bi littafin sau da ƙafa. Wasu kuma a nan suka ga rauninsa, suka ce tsoron ɓata wa masu karatu rai ya sa fim ɗin ya yi tsawo kuma bai kawo wani abu nasa na kansa ba.

Taƙaddama kan sihiri

Tun kafin fim ɗin ya fito, wasu iyaye da malaman addini ke adawa da labarin. A Amurka wasu ƙungiyoyin Kirista sun nemi a cire littattafan daga makarantu, kuma ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta sa su a sahun farko na littattafan da aka fi kai ƙorafi a kansu tsakanin 2000 da 2009. A 2002 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana amfani da su a makarantu masu zaman kansu, bisa dalilin sun saɓa wa tarbiyyar Musulunci. Hujjar masu adawa ita ce labarin yana ƙawata wa yara abin da addini ya haramta, yana nuna matsafi a matsayin gwarzo.

Masu kare shi suna cewa sihirin da ke ciki na tatsuniya ne, irin tsintsiya mai tashi da mujiya mai kai wasiƙa, ba abin da yaro zai iya koya ya aikata ba. A ganinsu jigon labarin shi ne maraici, amanar abota, da fifita gaskiya a kan son rai. Hukumomin tantance fina-finai na Birtaniya da Amurka sun ba shi matakin da ke shawartar iyaye su sa ido, domin akwai wurare masu ban tsoro ga ƙananan yara, musamman a dajin da aka hana shiga da kuma karon ƙarshe.

Abin da ya biyo baya

Fina-finai takwas ɗin sun tara kusan dala biliyan 7.7. Columbus ya ba da umarnin biyun farko, Alfonso Cuarón da Mike Newell kowa ɗaya, David Yates kuma huɗun ƙarshe, inda aka raba littafi na bakwai gida biyu. Wannan dabara ta raba littafin ƙarshe wasu kamfanoni sun kwaikwaye ta daga baya. Littattafan sun sayu fiye da kwafi miliyan 600 a cikin harsuna sama da 80. A 2012 aka buɗe Leavesden ga masu yawon buɗe ido. A 2016 Rowling ta ƙara wa duniyar labarin wata makarantar Afirka mai suna Uagadou, wadda ta ce tana Yuganda. A 2025 kuma tashar HBO ta fara ɗaukar labarin daga farko a matsayin shiri mai dogon zango da sababbin 'yan wasa, cikinsu har da Paapa Essiedu, ɗan Birtaniya mai tushe a Ghana, wanda aka ba wa matsayin malam Snape.