Ladi Kwali da Tarihin Ginin Tukwane na Zamani a Arewa

Ladi Kwali (wajen 1925 zuwa 1984) maginiyar tukwane ce 'yar ƙabilar Gwari, haifaffiyar Kwali da ke yankin Abuja. Ita ce matar da hotonta ke bayan takardar Naira 20.

Tun tana yarinya ta koyi sana'ar a wurin gwaggonta, bisa tsarin gargajiya: a murza yumɓu kamar igiya, a riƙa ɗorawa ana shafewa, maginiya tana zagaya tukunyar har ta tashi. Kafin yumɓun ya bushe sai ta tsaga zane a jikinsa. Halittun dajin garinsu take zanawa, wato kunama da ƙadangare da hawainiya da kada da maciji da kifi da tsuntsaye, kowace a cikin gidanta, layuka sun kewaye ta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa, a can ne Michael Cardew, Bature ɗan Ingila da gwamnati ta ɗauka jami'in ginin tukwane a 1950, ya fara ganin aikinta.

Cardew ya kafa cibiyar koyar da sana'ar a tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. Ladi ta shiga a 1954, mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifan juyi, amma randunanta da hannu ta ci gaba da gina su. Abin da ya sauya shi ne yumɓun da wutar. Ana shafa wa randar ruwan ƙyalli, a toya ta da zafin da ya haura digiri 1,200, zanen ya fito daga ƙarƙashin ƙyallin.

Wannan sauyi bai zo kyauta ba. Randar gargajiya tana tsatsafo, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Mai ƙyalli kuwa ba ta tsatsafo, ga nauyi, ga tsada, don haka ta bar tsakar gida ta koma falo da gidajen tarihi. Kyanta ba a magana, sai dai matan karkara ba su ne masu sayenta ba.

An baje kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zagaya Amurka a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, duk da ba ta yi boko ba. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

Sai dai wannan salo na zamani bai game Arewa duka ba: a kudancin Katsina, misali, sana'ar ta tsaya kan tulu da randa da kasko. Alhali Ƙanƙara, da ke yankin, tana da tarin farar ƙasar da ake yin tangaran da ita, kuma masu bincike a Zariya sun daɗe suna nazarinta. Yawanci haƙo ta ake yi a loda wa motoci zuwa masana'antun wasu garuruwa.