Waya a Hannu, Fensir a Aljihu

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jamus ya kira ni wata Asabar, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, wace waya zan saya? Abokaina sun jefa ni cikin wasan nan naka na neman akwati a daji, kuma tawa ba ta kai la'asar da caji." Dariya ta kama ni, domin shi ne yaron da ya taɓa ganin hotona a durƙushe gindin wata katanga a Ingila, ya tambayi uwarsa ko kawu kuɗi ya yar. Na ce ya ba ni kwana biyu. Amsar gajeriya ce, amma tambayar ta tayar mini da wani tsohon tsumi.

Ga wanda bai san wasan ba: wani zai ɓoye ɗan akwati a kogon itace ko ƙarƙashin dutse, ya ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS, ya sanar a intanet. Kai kuma ka bi lambobin, ka lalubo akwatin, ka rubuta sunanka da kwanan wata a ɗan littafin da ke ciki, ka mayar da shi yadda ka same shi. Turawa suna kiransa geocaching. Ni farautar ajiya nake ce masa.

Wanda ya koya mini shi maƙwabcina ne a Devon, lokacin da na je ƙaro karatu a 2006, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin raba wasiƙu. Shi ko kaɗan bai yarda Amurkawa ne suka ƙago wasan ba. Ya ce su na'ura kawai suka ƙara. Wata Lahadi ya tisa ni gaba muka shiga Dartmoor, wani fili mai duwatsu da fadama da hazo, muka yi ta kutsawa cikin taɓo har muka isa Cranmere Pool. Sunan tafki ne, amma abin da na gani ɗan kwari ne mai laka. A nan ne, a 1854, wani ɗan jagora mutumin Chagford mai suna James Perrott ya ajiye kwalba, domin baƙin da ya kai wurin su jefa katin sunansu, shaidar cewa ƙafarsu ta taka. Daga baya mutane suka riƙa barin katin gidan waya mai adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya aika musu. Sannu a hankali abin ya zama al'ada: akwatuna suka yawaita a filin, kowanne da littafi da hatimin roba, ana nemansu da kamfas da ƙirga taku. Sai a 1998, da mujallar Smithsonian ta ba da labarin, al'adar ta ƙetara Amurka sosai. Dattijon ya buɗe akwatin dutsen da ke wurin yanzu, ya miƙo mini littafin ya ce, "Sa hannu, ɗana. In ba ka sa hannu ba, ba ka zo ba."

Ɓangaren na'ura kuwa daga soja ya fito. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta gina GPS, ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1978, tsarin ya kammala da taurari 24 a 1995. Suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000, kowanne da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar lokaci da inda yake. Na'urarka saurare kawai take yi. In ta ji huɗu, sai ta auna jinkirin da saƙon kowanne ya yi kafin ya iso, ta fitar da inda kake tsaye. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya a 1983, mutum 269 suka halaka, Shugaba Reagan ya yi alkawarin farar hula ma za su amfana da tsarin. An ba su, amma da hannun hagu: da gangan sojoji suka riƙa gurɓata saƙon, har na'urar farar hula takan kauce da mita 100. Da irin wannan kuskure kana iya gane unguwa, ba ka gane ƙofar gida.

Ranar 2 ga Mayu, 2000, bisa umarnin Shugaba Clinton, aka kashe gurɓatawar. Dare ɗaya kuskuren ya sauko zuwa wajen mita goma ko ashirin. Kashegari wani masanin kwamfuta, Dave Ulmer, ya ɗauki baƙin bokiti ya kai shi daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, don ya gwada ko abin da gwamnati ta faɗa gaskiya ne. Ya zuba littattafai, kaset ɗin bidiyo, faifan manhaja, ɗan kuɗi, danƙon harbin tsuntsu da gwangwanin wake, ya haɗa da littafi da fensir. Ya sanar da lambobin: arewa 45° 17.460, yamma 122° 24.800. Dokarsa ɗaya ce, in ka ɗauki abu ka bar wani. Cikin kwana uku aka samo bokitin, Mike Teague ne ya fara isa. A ƙarshen watan Matt Stum ya raɗa wa wasan sunan da ya bi shi, saboda kalmar da aka fara amfani da ita tana da warin maɓoyar 'yan ƙwaya. A watan Satumba Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75 kacal a duk duniya. Shi kuwa bokitin, injin yanke ciyawa ne ya yi ajalinsa. An kafa allon tunawa a wurin a 2003, gwangwanin waken da aka tono ya zama abin tarihi, ana yawo da shi taro-taro yana tsatsa.

To, a nan takarda ta shigo, kuma wannan zamanin ne na fi sani, don na sha wuyarsa. Na'urata ta farko Garmin eTrex ce, rawayar nan mai kama da sabulun wanka. Abin da ta iya shi ne ta nuna maka kibiya da sauran nisa. Ba ta san girman akwatin ba, ba ta san ko tsauni za ka hau ba, ba ta san ko mutum biyar na baya sun dawo hannu rabbana ba. Duk wannan yana shafin intanet, intanet kuma yana gida. Saboda haka daren Juma'a na firinta ne. Kowace ajiya shafi biyu ko uku: bayani, taurarin wahala daga ɗaya zuwa biyar, taurarin ƙasa daga ɗaya zuwa biyar, rahoton waɗanda suka riga ka, sannan satar amsa da aka rubuta a murɗe, an gusar da kowane harafi gurbi goma sha uku, A ta koma N, B ta koma O. In ka gaji da nema sai ka zauna kan dutse da fensir kana warwarewa harafi-harafi kamar ɗan makarantar allo mai haɗa baƙi. Sau da yawa bayan minti biyar na wahala abin da zai fito shi ne "ƙarƙashin dutse", a filin da duwatsu suka fi dubu.

Lambobin ma da hannu nake shigar da su, da ɗan maɓallin gefe, lamba ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na sa 3 a gurbin 8. Kibiya ta ja ni kusan kilomita guda zuwa tsakiyar wani makiyayin tumaki, na yi awa ina ɗaga duwatsu, tumaki suna kallona. Da na zaro takardar in duba, ruwan sama ya riga ya shiga jakar, tawadar ta narke ta zama shuɗin kunu. Wata ranar kuma takardar lafiyarta lau, amma na buga ta mako uku da suka wuce, ashe mai ajiyar ya ɗauke akwatinsa tun tuni. Takarda ba ta jin labari.

Masu wayo sun fara gudun takarda tun kafin waya ta iso. Wanda ya biya kuɗin zama cikakken memba, dala 30 a shekara a lokacin, yana iya neman a aiko masa bayanin ajiya har 500 a fayil ɗaya na GPX. Sai ya tace su a kwamfuta da manhajar GSAK, ya tura lambobin cikin GPS ta kebul, ya tura bayanan cikin 'yar kwamfutar aljihu ta Palm mai manhajar CacheMate. Wannan shi aka fara kira farauta ba takarda. Na sayi tsohuwar Palm na gwada. Ka ga mutum a daji da na'ura a kowane hannu, yana tsikarin gilashi da ɗan tsinke, ruwa na zuba, ba hannun da zai riƙe reshe. Dattijona ya dube ni ya ce takardarsa dai ba ta taɓa neman caji ba.

Shekarar 2008 ce ta raba gardama. Garmin ta fito da Colorado, sannan Oregon, masu ɗaukar lambobi da bayani da satar amsa duk a ciki ɗaya. A watan Yuli iPhone 3G ta fito da GPS, kafin shekara ta ƙare wayar Android ta farko ta biyo baya, kamfanin Groundspeak mai shafin ya saki manhajarsa ta iPhone a kan kusan dala goma. Masu Android daga baya suka rungumi c:geo, wadda kyauta ce. Daga nan ba sai ka shirya ba. Kana jiran bas sai ka duba ko akwai ajiya kusa. Yawan ajiyoyin ya kai miliyan ɗaya a 2010, miliyan biyu a 2013, miliyan uku a 2017.

Ba zan ɓoye ba, ban ji daɗin duk abin da sauƙin ya kawo ba. Da, ajiya tsohon akwatin harsashi ne a wurin da ya cancanci a sha wahala a gani. Da waya ta shigo da mutanen gari, sai ƙananan ajiyoyi suka cika ko'ina: ƙoƙon fim ɗin kyamara a bayan allon hanya, ko wani ɗan mitsitsi mai mayen ƙarfe, bai fi kan yatsa ba, manne a ƙarƙashin benci. Dokar shafin ta ce a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya biyu, wasu kuma suka ɗauki dokar kamar umarni ne a ajiye ɗaya a kowace mita 161. Ga kuma zargi. A 2011, a garin Wetherby na Yorkshire, an ga wani yana laluben ɗan akwati a kan titin kasuwa, aka kira 'yan sanda, aka rufe shaguna, sojoji masu kwance bam suka zo suka fasa shi. Ni da nake baƙo, baƙar fata, da gemu, tun daga ranar na daina farautar cikin gari sai da abokin tafiya.

Da kwana biyun suka cika na kira yaron. Na ce kada ya ɓata kuɗinsa wajen neman wayar da ta fi kowace daidaito. Wayoyin yanzu ba GPS kaɗai suke saurare ba, suna jin GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, kuma tun daga Xiaomi Mi 8 a 2018 wasu suna kama saƙo ta zango biyu, abin da ke rage ruɗewa tsakanin dogayen gine-gine. Duk da kyau. Amma wanda ya ɓoye akwatin a 2004 da irin rawayar na'urata ya ɗauki lambobinsa, a ƙarƙashin itatuwa, wataƙila yana sauri. Kuskurensa yana nan cikin lambobin, ko wayar miliyan ka riƙe. In kibiya ta ce saura mita goma, a mayar da waya aljihu a buɗe ido.

Abin da zai duba, na ce masa, batir ne da farko, don fuskar waya a kunne da GPS a buɗe suna shan caji kamar rani da randa, kuma sanyin Jamus yana ƙara kashe shi. Ya haɗa da fawabank. Ya tabbata tana da kamfas na gaske a ciki, domin wasu masu araha ba su da shi, sai kana tafiya kibiyar ke aiki, da ka tsaya ta rikice. Fuskarta ta karantu a rana, jikinta ya jure ruwa, ya sa mata riga mai kauri don faɗuwa kan dutse ba makawa. Sannan ya sauke taswira da bayanan ajiyoyin tun yana gida. Mamaki ya yi da na ce masa GPS ba ya buƙatar data ko sabis. Sabis yana taimaka wa waya ta kama taurari da wuri ne kawai, taswirar ce ke ɓacewa in ka shiga kwari.

Ya ce, "Shi ke nan, Kawu? Ba sauran takarda?"

Na ce akwai guda. Har yau dokar wasan ita ce sai ka sa hannu a littafin cikin akwatin kafin ka ce ka samu, kuma mai ajiya yana da ikon goge rahotonka na intanet in ya duba bai ga sunanka ba. Ya sa fensir a aljihu, ba biro ba, don biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda, a sanyi kuma daskarewa yake yi.

Bayan mako biyu ya turo mini hoto daga wani daji. Sabuwar wayar ce ta ɗauka, tas da ita. Littafin ya jiƙe sharkaf, ya manta fensirin a ɗaki, sai ya tsoma ɗan tsinke a laka ya zana haruffa biyu na sunansa a ƙasan shafin.