Daga Doka Zuwa Meshi: Tarihin Adon Kai a Ƙasar Kurfai

Mako na farko bayan ƙaramar Sallah, wata yarinya ƴar aji uku ta zauna a gabana tun safe ba ta taɓa alli ba. Na ce ta duƙa ta yi rubutu, sai ta duƙa da dukan jikinta kamar mai ciwon wuya. Da na matsa na ɗaga kallabinta, sai ga dalili a fili: kitso ne siri-siri an haɗa da gashin kanti da muke kira meshi, ya sauko har gadon baya, kowace jela da duwatsun roba huɗu ko biyar. Fatar goshi ta ɗame har gira ta ɗaga, ƙuraje sun jeru a bakin gashi.

Na ce, "Ɗiyata, tun yaushe?"

Ta ce, "Madam, kwana uku ban sa kaina a matashi ba. Inna ta ce in daure, jika uku aka biya."

Ban ga laifin uwar ba, don ni ma na taɓa yi wa tawa ɗiyar haka. Amma abin ya mai da ni ga kan kakata. Ita ta ɗauki azurfar da ta fi duwatsun yarinyar nan nauyi, ta kuma rasu da gashinta cike har goshi. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin adon kai a ƙasarmu, mu malamai da iyaye.

Filinge tana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, kuma mahaɗa ce tun asali. Ga mu Kurfayawa, ga Zabarmawa ta wajen Damana, ga Buzaye na Imanan a Bonkuku, ga Fulani da dabbobinsu. A da, in mace ta shigo kasuwa, kanta ne ke fara gabatar da ita tun ba ta buɗe baki ba. Ana gane ƙabilarta, ana gane budurwa ce ko amarya ko mai jego. Mai takaba kuwa ba ta ado sam, kowa ya gan ta ya san halin da take ciki, ya sassauta mata magana.

Babban kitson matan Hausa na wancan zamani shi ne doka. Ana tattara gashi a tsakiyar kai, a sa masa ƙunshin tsumma daga ciki, a ɗaga shi ya yi tudu tun daga goshi har ƙeya. Ana shafe shi da man shanu, masu hali su ƙara da shuni har ya riƙa ƙyalli. Wannan ba sabon abu ba ne: Baturen Ingila Hugh Clapperton, da ya iso Kano a 1824, ya rubuta cewa matan garin suna rina gashinsu da shuni. Doka takan yi makonni ba a tsefe ba. Ba zan ɓoye aibinta ba, don tsofaffi da kansu suna faɗa: in ta daɗe tana wari, kuma ƙwarƙwata na samun mafaka. Bahaushe bai ƙirƙiri maganar kitso da ƙwarƙwata a banza ba.

Abin da ake rataya wa kitso shi ma yana da nasa tarihin, kuma tarihin kuɗi ne. Wuri, wanda ake kawowa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya, shi ne kuɗin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala guda ta azurfa. Dalar nan ita ce mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda ake bugawa da shekarar 1780 a jikinta, kuma sunanta ne ya rage a bakinmu har yau da muke kiran faran biyar dala. To macen da ta sa wuri ko azurfa a kitsonta, dukiyarta ce ta ɗora a ka.

Da Faransawa suka kafu a Kurfai a farkon ƙarni na 20, zamanin Mayaƙi Gado Namalaya, suka ce haraji sai da kuɗinsu, sai wuri ya faɗi a kasuwa, ya koma abin ado da abin laya kawai. Neman kuɗin harajin nan yana cikin abin da ya tura samarinmu ci-rani zuwa Kumasi da Akra. Can suka tarar da kwabo da anini na Ingilishi masu huda a tsakiya, suka riƙa kawo su tsaraba, mata suna zura musu zare suna jerawa a kitso. Wato kan mace ɗaya a Shikal ko Tukunus yana iya ɗauke da tekun Indiya da Ostiriya da Kumasi a lokaci guda. Na sha gaya wa ɗalibaina cewa darasin tarihi na kan kakanninsu, in za su tambaya.

Adon nan kuma ajiya ce. Mahaifiyata ta ba ni labari cewa a farin 1984, da hatsi ya ƙare a rumbu, kakata ta kwance azurfar kanta ɗaya bayan ɗaya aka kai kasuwa aka auno gero. Guda biyu kaɗai suka rage, su ne na tashi na gani.

A hannun kakar nan na koyi abin da nake son faɗa. Ita ce makitsiyar unguwarmu. In ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, kaina bisa cinyarta, takan ce, "Kishiyata, in kin ji zafi ki yi magana. Kitson da ya hana barci ba kitso ba ne." Sai da na girma na lura da ƙa'idodinta. Ba ta kama ƙananan gashin bakin goshi, takan bar su ta kwantar da mai. Azurfa ba ta rataya ta a siririyar jela, sai ta ɗinke ta a ɗan zaren fata ta ɗora bisa kitso mai kauri na tsakiyar kai, inda gashi ya fi ƙarfi. Kayan nauyi na biki ne, in an watse a cire a ajiye. Yarinya ƙarama kuwa zane biyar ko shida ake yi mata, da wuri ɗaya ko biyu, shi ke nan. In ta tsefe kai, takan bar shi ya sha iska kwana biyu kafin sabon kitso.

Kan ɗa namiji ma ba a bar shi haka ba. Ranar suna wanzami ke aske jariri, daga nan kuma sai a riƙa yi wa yaro aski a bar masa zanko, wato layin gashi a tsakiyar kai kamar na zakara, ko tukku, ɗan curin gashi da ake bari ya yi tsawo har ya murɗe. Kalmomin nan da doka duk suna cikin ƙamusun Bargery na 1934. Da karatun addini ya yaɗu, malamai suka yi ta bayanin hadisin da ya hana aske wani sashen kan yaro a bar wani, sai zanko da tukku suka ja baya a gari, suka rage a ƙauyuka da rugage.

A nan ne nake da abin da har yau yake ci mini rai. Shekarata ta farko da fitowa daga makarantar horon malamai, aka tura ni wani ƙauye arewa da Filinge. A ajina akwai yaro mai tukku da ya dunƙule, da ƴar laya ɗaure a ƙarshensa. Ni a ganina ƙazanta ce. Na yi magana sau biyu ba a aske ba, rana ta uku na sa almakashi na datse. Da maraice uwarsa ta zo, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Madam, uku na binne kafin shi. Na yi alkawari ba za a taɓa gashin nan ba sai ya shekara bakwai. Da kin tambaye ni." Ta karɓi gashin da layar ta ƙulle a bakin zane. Yaron bai sake dawowa aji ba. Ko da ina da hujja ta tsafta ko ta addini, hanyar da na bi ta ɓata ta. Da na je gidan na zauna da uwar, ko na nemi limamin garin ya yi mata magana, da wataƙila yaron ya yi karatu.

Wannan rigima ba tamu ce mu kaɗai ba. A 2016 ɗalibai mata na wata babbar makarantar Piritoriya a Afirka ta Kudu sun yi zanga-zanga saboda ana matsa musu su miƙar da gashinsu na halitta. A 2023 babbar kotu a Malawi ta umarci makarantun gwamnati su karɓi yara masu murɗaɗɗen gashi. Kuma murɗaɗɗen gashin da samarinmu ke kira rasta bai fara daga Bob Marley ba. Mabiya Shehu Ibra Fal a Senegal sun daɗe da shi, mu ma muna da kalmarmu ta tara gizo. Ba ina cewa makaranta ta zauna babu doka ba ne. Ina cewa dokar ta tsaya a kan tsafta da lafiya, kuma a sanar da iyaye kafin a kai hannu kan ɗansu.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne kayan aiki. Meshi da man miƙar da gashi da duwatsun roba sun cika kasuwa, suna da araha, kitso ya koma sana'ar da ake biya gwargwadon ƙanƙantarsa da daɗewarsa. Uwar da ta biya jika uku tana son ya kai wata biyu, makitsiya kuma ta san in bai ɗame ba za a ce ba ta iya ba. Ga hijabi ya rufe komai, malama ba ta gani, uba bai sani ba.

Likitocin fata sun san sakamakon. Ja na kullum yana raunata saiwar gashi, ya fara da ƙuraje da zafi, sannan gashin goshi da na gefen kunne ya riƙa zubewa. In an daina da wuri yana tsirowa, in an daɗe wurin ya yi tabo, ba ya sake fitowa. Binciken da likita Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a 2007 kan ƴan makaranta a birnin Kef na Afirka ta Kudu ya samu wannan zubewar gashi a kusan kashi 17 cikin 100 na ƴan mata, kuma abin ya fi yawa ga manyan azuzuwa. Haɗarin ya fi tsanani in an yi kitso mai ja a kan gashin da aka riga aka miƙar da mai. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Kitso ma haka yake.

Don haka ga roƙona. Iyaye mata, in yarinya ta kasa murmushi ko ta kasa kwanciya bayan kitso, a sassauta shi a ranar, kuɗin da aka biya bai kai gashinta ba. A bar gashin bakin goshi. In za a sa duwatsu, a sa kaɗan marasa nauyi a jela mai kauri, a ɗaure da zare ko ulu maimakon roba mai tsinka gashi. Mai murɗaɗɗen gashi ma kada ya cika masa zobba da wuri, kuma ya bar shi ya bushe sarai bayan wanki. Man kaɗanya da man shanu da muka gada sun isa. Malamai ƴan'uwana, yaron da ya kasa duƙawa ko yake yawan sosa kai, a duba shi a keɓe ba a gaban aji ba, a nemi makero da ƙwarƙwata, sannan a kira uwa a yi magana da mutunci.

Ita yarinyar tawa, na bi ta gida bayan an tashi. Muka gaisa da uwarta, na ba ta labarin kakata, ta yi dariya ta ce tata kakar ma haka take faɗa. Muka zauna mu biyu muka tsefe kan, har aka kira magariba. Washegari ta zo da zane shida da wuri biyu a ƙeya, ta cika allonta da rubutu.

Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.