Tsohuwar takarda ce ta yanke iyaka

Kai da ke kai shanu wajen Darak, ko kake sauke kaya a Banki, ka taɓa tambayar wa ya ce iyakar nan ta bi ta nan?

A 1994 Kamaru ta kai ƙarar Najeriya Kotun Duniya da ke birnin Hague. Shekara takwas lauyoyi na ta zaƙulo tsofaffin fayil. Kan Bakassi aka fito da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 11 ga Maris 1913; kan Tafkin Chadi kuwa, wasiƙun da Ingila da Faransa suka yi musaya a 1931. Najeriya ta ce ai mutanenta sun daɗe zaune a Darak, suna su, suna biyan haraji. Kotu ta ce daɗewa ba ta ture rubutu. Ranar 10 ga Oktoba 2002 ta ba Kamaru Bakassi da Darak.

Shi ya sa nakan yi shiru in na ji ana yi wa ɗaliban adana takardu na ESSTIC dariya a majalisar shayi a nan Briqueterie, wai sun zo Yawunde koyon kaɗe ƙura. To kai fa, Alhaji, takardar rigakafin garkenka ta bara, tana ina?