Gwajin bobin: yadda ake gano silindar da ke fashin wuta a injin mota

Bobin, wanda makanikan Najeriya ke kira kwayil, shi ne ke ɗaukar bolt 12 na batiri ya ɗaga shi zuwa bolt dubu 20 ko fiye, domin buji ya yi tartsatsin da ke kunna esansi a cikin silinda. A cikinsa akwai naɗin waya biyu: na farko mai kauri ne kuma gajere, na biyu siriri mai zagaye dubbai. Tsoffin motoci na da bobin guda ɗaya, amma galibin na yanzu kowace silinda da nata, zaune a kan buji. Injin gazwal ba ya da bobin.

Idan bobin ya yi rauni, silindarsa takan riƙa fashin wuta. Inji ya yi ta karkarwa a tsaye, mota ta rasa ƙarfi wajen hawa, ta ƙara shan mai, wani lokaci a ji warin ɗanyen esansi daga salansa. Sai dai lalataccen buji, toshewar anjekta ko ƙarancin matsi a silinda duk suna kawo irin waɗannan alamu. Shi ya sa sayen sabon bobin kafin gwaji kan zama asarar kuɗi.

Matakin farko shi ne haɗa na'urar bincike, wadda gareji ke kira baliz, da mashigar OBD-II. Wannan mashiga ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, a motocin esansi na Turai kuma tun 2001. Lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke fashi, P0302 ta biyu, haka har zuwa sauran. P0300 na nuna fashin bai tsaya a silinda guda ba.

Mataki na biyu shi ne musanya. A kashe inji, a cire bobin silindar da ake zargi, a musanya shi da na maƙwabciyarta, a goge lambar, a sake tayarwa. In P0302 ta koma P0303, laifin ya bi bobin ke nan. In ta tsaya inda take, sai a musanya buji, daga nan a duba anjekta da matsi.

Ana kuma aunawa da miltimita. A mafi yawan motoci naɗin farko na tsakanin om 0.4 da 2, na biyu tsakanin om dubu 6 da dubu 15, amma adadin da kamfanin motar ya bayar shi ne abin dogaro. Wannan awo na da iyaka: wani bobin yakan nuna lafiya da sanyi, ya ƙi aiki idan inji ya yi zafi.

Abubuwan da ke kashe bobin sun haɗa da zafi, tsohon buji mai faɗin baki, mai da ke zuba cikin ramin buji, da ruwan wankin inji. In ba a gyara musabbabin ba, sabon ma ba zai daɗe ba.

Idan fitilar inji a tabulo tana ƙiftawa, a daina tuƙi da wuri, domin esansin da bai ƙone ba yana lalata katalizer, wanda ya fi bobin tsada nesa. Kada kuma a riƙe bobin ko wayar buji da hannu inji na aiki.